Rakiyar Yara Zuwa Makaranta: Mu Yi Ta Kamar Adashi

'Yan uwa mata, a taronmu na mako-mako nakan ji ƙorafi biyu: kuɗin Keke Napep ya yi yawa, kuma tsallaka titi na ba mu tsoro. To, shawarata ita ce mu yi karɓa-karɓa, kamar kwasar adashi. Da safe da lokacin tashi, uwa ɗaya ko babbar yaya ta tattara yaran layi, su tafi a ƙafa tare. A bi gefen hagu, ana fuskantar motocin da ke zuwa. Kafin a tsallaka, a duba hagu, a duba dama, a sake duba hagu, a riƙe hannun ƙanana. Lokacin hazo, a sa musu kaya masu haske. Tafiyar na motsa musu jini, kuɗin motar kuwa sai ya shiga akwatinmu.