Ƙaramin Harsashi Ko Babba: Wanne Ya Dace Da Harbin Saiti Da Bindigar Iska?

Yau za mu leƙa wani wasa da ba a cika jin labarinsa ba, wato harbin saiti da bindigar iska, wadda ba ruwanta da albarushi, iskar da aka matse ce ke tura 'yar ƙwayar dalma ta fita. Duk wanda ya nufi shiga wannan wasa, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce ta faɗin ramin bututun bindigar, domin shi ke yanke girman harsashin da za ta ci. Akwai mai milimita 4.5, da mai 5, da mai 5.5, da mai 6.35, amma biyu ne suka cika kasuwa: 4.5 da 5.5, waɗanda a Ingila da Amurka ake kira da awon inci, .177 da .22. Mutane da dama ido ke ja su zuwa babban, suna ganin girma shi ne ƙarfi, ƙarfi kuma shi ne iya harbi. Ni kuwa a ganina, wanda burinsa shi ne huda takarda daga mita 10 zuwa 25, ƙaramin ne nasa, kuma ga dalilaina.

Mu fara da inda wasan ya kai ƙololuwa. Hukumar wasannin harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a Munich ta ƙasar Jamus, ba ta yarda da wani faɗi ba a gasar bindigar iska ta mita 10 in ba 4.5 ba. Wannan gasa ta shiga wasannin Olamfik a Los Angeles a 1984, a cikinta ne Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinare a Beijing a 2008, kuma a wasannin Faris na 2024 Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu ta lashe na mata tana da shekara 16. Ku kwatanta abin da waɗannan mutane ke harbi. Tsakiyar takardar, wadda ke ba da maki 10, faɗinta rabin milimita ne, bai wuce ɗigon biro a kan takarda ba. Maharbi yana tsaye, ba jingina, riƙe da bindigar da nauyinta kan kai kilo 5.5, zai yi harbi 60 cikin minti 75. Makin harbi ɗaya mafi girma shi ne 10.9, kuma kaucewar rubu'in milimita kaɗai ta isa ta rage shi zuwa 10.8. Bindigogin da ake wannan aiki da su, irin na kamfanonin Feinwerkbau da Walther da Anschütz na Jamus da Steyr na Ostiriya, ba su da wani ƙarfin a zo a gani: suna fitar da ƙwayar da nauyinta bai wuce rabin giram da 'yan kai ba, da gudun kusan mita 170 a daƙiƙa. Ke nan harbin da ya fi kowanne daidaito a duniyar bindigar iska, da ƙaramin harsashi da sassauƙan ƙarfi ake yin sa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wani zai ce ai ni ba Olamfik na nufa ba. To, ko da hakan ne, dokar gasa tana shafar abin da za ka tarar a kanti. Da yake duk ƙwararrun duniya 4.5 suke harbawa, a kansa masu ƙera harsashi suka zuba basirarsu. Harsashin gasa yana da shafaffen kai, don ya yanke takarda da'ira tsaf, ba yagewa, alƙali ya auna babu gardama. Kamfanoni irin su RWS da H&N da JSB suna tace shi har ta kai ana sayar da mai kai 4.49 daban, mai 4.50 daban, domin kowane bututu da wanda ya fi karɓa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Irin wannan zaɓi mai yawa ba ka samun sa a 5.5. Sannan ga batun aljihu. Ƙwayar 5.5 takan kai giram guda, kusan ninkin ƙaramar, dalma kuwa kuɗi ce. Gwangwani ɗaya na ƙaramin yakan zo da ƙwaya 500, abin da zai ishi zagaye takwas na harbi 60. Shi harbin saiti maimaici ne ke gina shi: tsayuwa, numfashi, da jan kunama a hankali har harbin ya tashi ba tare da bututu ya motsa ba. Duk abin da zai sa mai koyo ya riƙa ƙirga harsashi yana jin ciwon kuɗinsa, ya rage masa atisaye, ragin atisaye kuwa shi ne ragin ƙwarewa.

Akwai kuma hujjar tafiyar harsashi a iska, kuma a nan ya kamata a faɗi gaskiya yadda take. Idan tazara ɗaya ce kullum, mita 10 ba ragi ba ƙari, sunkuyawar harsashi ba ta dami kowa ba, domin da an gyara saiti sau ɗaya an gama. Bambancin yana fitowa ne inda tazara ke canzawa. A Ingila, bindigar iska da mutum zai riƙe ba tare da lasisin makami ba, ƙarfinta ba ya wuce kusan jul 16. Da wannan ƙarfin, ƙwayar 4.5 takan fita da gudun kusan mita 240 a daƙiƙa, ta 5.5 kuwa kusan 180. Mai sauri tana isa kafin nauyi ya ja ta ƙasa sosai, mai nawa kuwa sai ta yi baka. Shi ya sa a gasar harbin fili da ta samo asali a Birtaniya a farkon shekarun 1980, inda ake jera siffofin ƙarfe masu 'yar kafa a tsakiya tun daga kusan mita 9 har 50, kuma maharbi ne zai kintaci tazarar da kansa, akasarin 'yan wasa 4.5 suke ɗauka. Kuskuren kintace ba ya cin su da yawa, sannan siririyar ƙwaya ta fi saurin shigewa kafar ba tare da ta goga baki ba.

Yanzu mu saurari masu goyon bayan babban. Hujjarsu ta farko ita ce, a takarda gefen huda ake dubawa, in ya taɓa layi an ba ka makin sama, don haka babbar huda riba ce. Gaskiya ne, har ma ana iya lissafa ribar: ƙwayar 5.5 ta ɗara ƙaramar da rabin milimita ta kowane gefe. Amma wannan ribar ta ramin ce, ba ta hannun maharbi ba, kuma saboda ita ne gasa ke tsayar da faɗi ɗaya ga kowa. Na'urorin lantarki da ake aiki da su a manyan gasanni ma tsakiyar harbin suke lissafawa. Wanda ya saba da makin babbar huda a bayan gida, ranar da ya shiga sahun 'yan gasa zai ga makinsa ya zube. Hujja ta biyu ita ce iska: ƙwaya mai nauyi ta fi jure kaɗawa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, sai dai harbin mita 10 a cikin zaure ake yin sa, inda ba iskar da za ta kaɗa komai, a fili kuma akwai ƙwayar 4.5 mai nauyin da ya kai giram 0.67 ga mai buƙata. Hujja ta uku ita ce ƙarfi, kuma ita ce mafi rauni. Takarda ba ta buƙatar duka. Hasali ma, ƙwayar dalma mai siririn ƙugu takan rasa natsuwa idan gudunta ya kusanci na sauti, wato kusan mita 340 a daƙiƙa, sai harbi ya warwatse.

Duk da haka, babban yana da wurinsa, kuma adalci ne a faɗa. Ya fi sauƙin ɗauka ga mai kaurin yatsu ko dattijon da ganinsa ya yi rauni, hudarsa ta fi ganuwa daga nesa, kuma a bindiga mai tukunyar iska yakan ba da harbi mafi yawa kafin a sake cikawa idan ƙarfin ɗaya ne. Manomin da ɓeraye suka addabi rumbunsa ma yana da dalilin fifita shi. Amma wannan wata buƙata ce daban, kuma mai sayen bindiga ɗaya don aiki biyu yakan ƙare bai ji daɗin ko ɗaya ba.

Kafin mu rufe, ga abin da ya fi zaɓin faɗi muhimmanci. Bindigar iska ba abin wasan yara ba ce. Ko ƙaramar tana iya tsiyayar da ido, har ta yi kisa. A sa akwatin ƙarfe mai kama harsashi a bayan takarda, kada a harbi dutse ko bangon siminti domin ƙwaya na dawowa, a sa gilashin kare ido, a wanke hannu bayan taɓa dalma, kuma kada a taɓa nuna bakin bindiga ga mutum ko da an tabbata ba komai a ciki. Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Jamus iyakar ƙarfin da baligi zai saya ba lasisi ita ce jul 7.5, a Najeriya kuwa dokar makamai ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake mallaka. Saboda haka mai sha'awa ya fara da neman izini da ƙungiyar harbi mai rajista. In ya samu, ya ɗauki 4.5, kuɗin da ya rage masa ya sa a harsashi mai kyau da malami mai haƙuri.