Gyaran Ƙofar Ɗaki Wadda Ta Yi Ƙasa

Daga cikin ƙararrakin da akan kawo gaban hakimai da rani, akwai na mai gida da magini a kan ƙofar ɗaki. An gama gyaran gida, an yi daɓe, an yi shafe, sa'an nan a tarar ƙyaure ya ƙi shiga gurbinsa, ko kuwa babban mutum ba ya wucewa sai ya sunkuya. Ɓacin rai kan sa mai gida ya ce a fasa kan ƙofar nan take. To, a nan haɗarin yake, domin abin da ke bisa ƙofa shi ne ke ɗauke da bango, wani lokaci har da rufin ɗaki duka. An shirya wannan bayani domin hakimai da magatakardansu su san hanyar gyara, su kuma sanar da dagatai da masu unguwanni.

Abin da ke jawo ta

Ƙofofin gidajen dā da gangan aka yi su gajeru, saboda sutura da tsaro da tare zafin rana. Wannan ba kuskure ba ne. Sai dai gado da kabad na kayan ɗakin amaren yanzu ba sa shiga irinsu.

Sauran kuwa daga baya suke gajarcewa. A tsofaffin birane kamar Kano da Katsina da Zariya, hanya takan yi ta tudu shekara da shekaru, har ruwan sama ya soma kwarara cikin gida. Mai gida ya yi ciko a tsakar gida, ya bi da ɗakuna, ya sake daɓe, ƙofa kuwa tana nan inda take. Wani kuma ya ɗora tayil a kan tsohon daɓe, inci 2 sun tafi ke nan. A sabon gini kuwa, magini yakan auna daga kan harsashi, ya manta da ciko da daɓen da za su biyo baya, ko ya rage sahun bulo guda kafin ya zuba linta. Sahu guda kuwa inci 9 ne har da ɗoriya.

Awo kafin kome

Tsayin ƙofar ɗaki da kafintoci da masu walda suka saba yi a Nijeriya shi ne mita 2.1, watau ƙafa 7 ba kaɗan. Lalle ne a auna daga saman daɓen da aka gama, ko inda zai kai in an gama shi, zuwa ƙarƙashin linta. A auna gefen dama da na hagu, gama sau da yawa ba su zama daidai ba. Sa'an nan a bar wa firam wurinsa, a bar ɗan sarari ƙarƙashin ƙyaure don kada ya goge daɓe. Yawan incin da aka rasa shi ne zai nuna wace hanya za a bi cikin uku.

Hanya ta fari: rage ƙyaure

In abin da aka rasa bai wuce inci guda ba, kafinta ya rage ƙyauren daga ƙasa, a bar bango lafiya. Ƙyauren katako zalla yana jure wannan. Amma mai rami a ciki, wanda aka rufe da falwud, in aka yanke shi da yawa sai a cinye katakon da ke riƙe da gindinsa, tilas a sa wani a manne. Na ƙarfe kuwa aikin mai walda ne.

Hanya ta biyu: sauke daɓe

In ciko ne ya cinye ƙofa, a duba ko za a iya kwashe tsohon daɓen da aka binne. Wannan ya fi taɓa bango sauƙi da araha. Sharaɗi biyu ne: kada a haƙa har a tone gindin harsashi, kada kuma ɗaki ya koma ƙasa da tsakar gida. In ya koma, sai a yi dokin ƙofa mai tsayi, a gyara magudanar ruwa, in ba haka ba damina ta fari za ta mai da ɗakin tafki, danshi ya ci gindin bango.

Hanya ta uku: ɗaga kan ƙofa

Wannan ita ce mai wuya, kuma ƙa'idarta guda ce: ba a cire tsohon abin da ke ɗauke da nauyi sai an ba nauyin wani madogari.

A ginin ƙasa, azara ce ke bisa ƙofa, watau tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Magina sun daɗe da sanin cewa azara ba ta ƙetare fiye da wajen ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba, saboda haka kada a haɗa ɗagawa da faɗaɗawa barkatai. Da fari magini ya hau ya ga abin da ya zauna a kan wurin. In ƙafar baka ce ko azarar rufin soro ta sauka daidai nan, ko kuwa bangon da zai saura a sama ya yi kaɗan, gara a toshe ƙofar a fasa wata a inda ya dace. In babu, a tokare rufi ciki da waje da itace mai ƙarfi, a ɗora gindin kowane a kan faffaɗan katako. Sa'an nan a sassaƙe gurbi a fuska guda, zurfin rabin kaurin bango, a shigar da sabuwar azara ta hau bango ƙafa guda ko fiye a kowane gefe, a cusa ƙasa kwaɓaɓɓiya da ƙarfi, a bari ta bushe sarai. Bayan haka a koma ɗaya fuskar a yi haka nan. Sai duka biyu sun kama za a zare tsohuwar azara, a sare abin da ke tsakani kaɗan kaɗan. Aikin rani ne wannan. Bangon ƙasa da ya sha ruwa ba shi da amana.

A ginin bulo, a kashe wutar lantarki tukuna, domin wayoyi sukan bi ta cikin bango bisa ƙofa. A huda bango sama da inda sabuwar linta za ta zauna, a zura katako mai kauri, a tokare shi ta ɗaki biyu. A yanka bulo da injin yanka ko kurfi, ban da babbar guduma, gama girgizarta kan tsaga bango har nesa. Sabuwar linta ta hau bango aƙalla inci 6 kowane gefe, da rodi a cikinta, a kwaɓa kankare awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A riƙa ba ta ruwa kwana 7. Kada a zare tokara kafin mako biyu, kankare kuwa ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28. Gurbin da ya saura tsakanin linta da bulon sama a cike shi tam, in ba haka ba bango zai zauna ya tsage.

Akwai wuri biyu da birkila ba zai taɓa ba sai injiniya ya gani: inda linta ta zagaye ginin duka kamar ɗamara, domin yanke rodinta raunana gida ne gaba ɗaya, da kuma gidan bene ko mai rufin kankare.

Abin da ake bukata ga hakimai

Da fari, a shawarci talakawa su nemi magini sananne. Inda akwai Sarkin Magina, shi ya san wanda hannunsa ya faɗa a ginin ƙasa. Na biyu, a fitar da mata da yara daga ɗakunan nan biyu har a zare tokara, kada kowa ya kwana a ciki. Na uku, in bangon na tarayya ne da maƙwabci ko da magada, a nemi yardarsu gaban mai unguwa kafin a sa hannu. Na huɗu, a cikin birane babban canji ga gini yana bukatar izinin hukumar tsara birane ta jiha. Gine-ginen tarihi kuma da ke ƙarƙashin hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, irin su Gidan Makama na Kano, ba a taɓa ƙofofinsu sai da izininta.

Magatakarda kuma, sa'ad da mai gida da magini suka zo rubuta yarjejeniya, su sa tsayi da faɗin kowace ƙofa da lamba, su rubuta a fili cewa daga saman gamammen daɓe za a auna, da wanda zai biya in aka saɓa. Layi biyun nan sukan kashe shari'a tun ba ta taso ba. Rigakafi ya fi magani.