Kalmar "Mentally" da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

A darasin fassara, kalmomin da suka fi ba ɗalibi wuya sau da yawa su ne waɗanda yake ganin ya riga ya sani. Ɗaya daga cikinsu ita ce "mentally". Bayanau ce a nahawun Ingilishi, an gina ta daga sifar "mental" ta hanyar liƙa mata ɗafa-ƙeyar -ly. Ita kuma sifar daga Latin ta fito, inda "mens" ke nufin hankali ko tunani.

To, a nan ne ake faɗa wa rami. Ɗalibi zai ce tunda tushenta hankali ne, sai a ce "a hankali". Amma kowane Bahaushe ya san "a hankali" sannu-sannu take nufi. Idan aka ce "She added the figures mentally", aka fassara da "Ta haɗa lissafin a hankali", an canza maganar gaba ɗaya. Abin da ake nufi shi ne ta yi lissafin da ka, ba ta taɓa biro ko takarda ba. Wanda ya yi firamare zai tuna da darasin Mental da safe, malam na jefo tambaya, bulala na hannunsa.

Gaskiyar magana, Hausa ba ta da kalma guda da za ta tsaya a madadinta ko'ina. Ingilishi ya tara abin wuri ɗaya, mu kuwa mun raba shi tsakanin kai, zuciya, rai da ƙwaƙwalwa. "He is mentally strong" sai a ce yana da ƙarfin zuciya. "I was mentally prepared" kuma, na riga na sa wa raina. "Mentally tired" gajiyar ƙwaƙwalwa ce, wadda ɗalibi ke ji a makon jarrabawa ko da bai ɗaga tsinke ba. A irin wannan wuri kishiyarta ita ce "physically", wato abin da ya shafi jiki.

Inda aka fi bukatar taka-tsantsan shi ne maganar lafiya. "Mentally ill" ana yawan fassara ta da taɓin hankali, wasu ma su ce mahaukaci kai tsaye. A ganina wannan kuskure ne babba, domin kalmar ta haɗa har da mai fama da ciwon damuwa, wanda yana zuwa aiki, yana kula da iyalinsa. Mai larurar ƙwaƙwalwa ta fi dacewa. Su kansu masu harshen sun sauya baki: a 2010 Amurka ta yi dokar da ta cire "mental retardation" daga dokokin tarayya da dama, aka sa "intellectual disability". A Nijeriya ma, a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai ɗauke da kalmar hauka a cikin sunanta.