Manhajojin tace hoto: Wa ke da iko da aikin edita?

A ranar 21 ga watan Yunin 2011 ne kamfanin Apple ya fitar da sabuwar manhajarsa ta tace hoton fim, Final Cut Pro X, a kan kusan dala 300, ya kuma dakatar da sayar da tsohuwar nan take.

Ba a kwana ba sai da editoci suka gano cewa sabuwar manhajar ba ta iya buɗe ayyukan da aka yi da Final Cut Pro 7 da ta gabace ta. Tun daga wancan lokaci ake muhawara a wannan sana'a kan ko wa ke da iko da aikin edita, tsakanin shi da kamfanin da ya ƙirƙiro manhajar.

Tace hoton da ake nufi a nan shi ne aikin yanka hotunan da aka ɗauka da jera su har su zama labari, ba aikin hukumar tace fina-finai ba.

Abin da ke cikin fayil

Fayil ɗin da edita ke aiki a kansa ba ya ɗauke da hoton fim ɗin. Abin da ke ciki shi ne shawarwarin da ya yanke: wace ɗauka aka zaɓa, daga ina ta fara, ina ta tsaya, a ina kiɗa ya shigo, a ina aka rage muryar jarumi. Fim ɗin sinima yana tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kuma dogon fim kan ƙunshi yanka fiye da dubu.

Idan manhaja ta ƙi buɗe wannan fayil, hotunan asali suna nan a ma'ajiya, amma wahalar watanni ta zama a kulle.

Editocin da suka gabata ba su san wannan matsala ba. Da almakashi da ɗanko suke aiki, suna duba zaren fim a na'urar Moviola da ta shiga Hollywood a 1924, daga baya kuma a kan teburin Steenbeck ƙirar Jamus. Zaren da aka yanka a wancan zamani, kowa na iya ɗaga shi ya duba a haske har yau.

Zamanin kaset ya zo da tasa wahalar, domin kwafa ake yi daga wani kaset zuwa wani bi da bi, kuma sauya tsawon wani wuri a tsakiya yana nufin sake duk abin da ya biyo baya. A wannan zamani ne aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990.

Kamfanin Avid na Amurka ne ya sauya lamarin da manhajar Media Composer a 1989, wadda ta ba edita damar taɓa kowane wuri a fim ba tare da lalata saura ba. A 1997 Walter Murch ya lashe kyautar Oscar ta tace hoto da fim ɗin The English Patient, wanda ya tace da Avid. To amma na'urar tana cin dubban daloli masu yawa, don haka sai manyan kamfanoni da gidajen talabijin.

Final Cut Pro, da Apple ya fitar a 1999 a kan dala 999, ita ce ta buɗe wa ƙananan masu shirya fim ƙofa. Ba ta tsaya kan ƙanana ba: Murch ya tace Cold Mountain da ita a 2003, kuma The Social Network, da ya lashe Oscar ta tace hoto a farkon 2011, da ita aka yi shi.

Abin da ya fusata editoci

Wannan tarihi ne ya sa abin da ya faru a 2011 ya yi wa masu sana'ar ciwo. Ban da ƙin buɗe tsofaffin ayyuka, sabuwar manhajar ta zo ba tare da hanyar tace hotunan kyamarori da yawa a lokaci guda ba, kuma babu hanyoyin da aka saba bi wajen miƙa aiki ga masu gyaran sauti da launi.

Apple yana da hujjarsa. Tsohon ginin manhajar ba ya iya cin gajiyar ƙarfin sababbin kwamfutoci, kuma an daina yayin kaset. Ya dawo da tsarin kyamarori da yawa a Janairun 2012, sannan waɗanda suka saya a 2011 sun shafe fiye da shekara goma suna samun sabuntawa kyauta. Sai dai inda ya gaza shi ne yadda ya yanke tsohuwar ba tare da ba mutane wa'adi ba, alhali akwai kamfanonin da suka gina dukkan aikinsu a kanta.

Kamfanonin Adobe da Avid ba su yi wata-wata ba suka yi rangwamen farashi, editoci da dama kuma suka sauya sheƙa. A 2017, da fitowar tsarin macOS High Sierra, Final Cut Pro 7 ta daina tashi a sababbin kwamfutoci. Duk da haka editan nan na Koriya ta Kudu, Yang Jin-mo, da ita ya tace Parasite na 2019, fim ɗin da ya lashe Oscar ta gwarzon fim.

Daga saye zuwa haya

Waɗanda suka koma Adobe Premiere Pro ba su daɗe ba suka gamu da wani sauyin. A watan Mayun 2013 Adobe ya sanar da cewa sababbin manhajojinsa ba na sayarwa ba ne, sai dai a riƙa biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara.

Tsarin yana da sauƙi ga mai farawa, tun da ba sai ya tara kuɗi mai yawa a tashi ɗaya ba. Amma ranar da biya ya tsaya, manhajar ta rufe, fayilolin edita suna cikin kwamfutarsa amma ba shi da abin buɗe su.

Wani lokacin ma ba rashin biya ba ne. A watan Oktoban 2019 Adobe ya shaida wa masu amfani da manhajojinsa a Venezuela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Ya janye matakin bayan ya samu izini daga hukumomin Amurka, amma ba kafin hankalin masu sana'a ya tashi ba. Haka kuma a Janairun 2025 manhajar CapCut ta kamfanin ByteDance, mai TikTok, ta ɗauke na ɗan lokaci a Amurka saboda dokar da ta shafi kamfanin.

Ga edita a Kano ko Kaduna ko Jos, matsalar ta fi zuwa ta ɓangaren canji. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, ma'ana hayar da ke bin dala ta ninka fiye da sau uku ba tare da manhajar ta ƙara komai ba.

Wannan na cikin abin da ya ɗaga darajar DaVinci Resolve. Asalinta na'urar gyaran launi ce mai tsadar gaske, har kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ya saye ta a 2009, ya fitar da samfurin kyauta a 2011, sannan ya ƙara mata ɓangaren sauti a 2017 da na dabarun hoto a 2018. Babban samfurin, Studio, saye ɗaya ake yi masa, a kan dala 295 a 2024.

Kyautar ba sadaka ba ce. Blackmagic kyamarori da na'urori yake sayarwa, manhajar kuma ita ke jawo masa masu saye. Tana kuma buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, wadda ba kowane ƙaramin sutudiyo ke da ita ba.

Abin da ake iya ƙetarewa da shi

Akwai hanyoyin fitar da jerin yanka daga wata manhaja zuwa wata. Mafi tsufa shi ne EDL, wanda rubutu ne zalla na lokutan shiga da fita da mutum zai iya karantawa da idonsa. Akwai XML, akwai AAF da aka fi aika wa masu haɗa sauti, sai OpenTimelineIO da kamfanin Pixar ya ƙirƙiro ya kuma sake shi ga kowa.

Yanka da jerin hotuna sukan ƙetare lafiya ta waɗannan hanyoyi. Gyaran launi, rubutun kan hoto da sauyin gudun hoto kuwa sau da yawa sukan ɓace ko su jirkice, sai an sake su da hannu.

Shi ya sa a manyan kamfanoni ba a ɗaukar fim ya kammala sai an ajiye hotunan asali a wuri fiye da ɗaya, an fitar da jerin yanka, an kuma fitar da cikakken fim ɗin sau biyu, ɗaya da rubutu, ɗaya babu. Sauti ma rarraba shi ake yi: magana daban, kiɗa daban, sauran sautuka daban. Gidan talabijin da ke son juya fim zuwa wani harshe, wannan rarrabben sauti yake fara nema, domin idan muryar jarumi ta riga ta cakuɗe da kiɗa, cire ta ba tare da ɓata kiɗan ba aiki ne mai wuya.