Tambarin Jamus a jikin takubban Kano: Abin da ya kamata ka duba kafin ka sayar

A gidajen sarauta da tsofaffin gidaje na karkarar Kano, daga Bacirawa har zuwa Bichi, ba a rasa takobin gado da ke rataye a ɗaki, sai hawan sallah ake saukar da shi. Da yawa daga masu irin waɗannan takubba ba su san cewa ruwan takobin zai iya zama ƙirar Jamus ba, ko da kuwa kuben da ƙotar aikin Kano ne.

Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa ana kawo ruwan takubba masu ɗimbin yawa daga garin Solingen na Jamus. Fatake ne ke ratso hamada da su, a nan kuma a yi musu ƙota, dukawa su ɗinka kube.

Shaidar tana jikin ƙarfen. Tambarin da ya fi shahara shi ne hoton kyarkeci yana gudu, wanda ya samo asali daga garin Passau kafin maƙeran Solingen su ɗauka. Akwai kuma jinjirin wata mai fuskar mutum, galibi guda biyu, kusa da kwarmin da ke tsakiyar ruwan takobin.

Sai dai ganin tambari kaɗai bai isa hujja ba. Da masu saye suka fara neman takobi mai wata, maƙeran gida su ma suka riƙa sa nasu. Wanda aka buga da hatimin masana'anta yakan nutse daidai wa daida, kuma watannin biyu sukan zo iri ɗaya sak. Wanda aka zana da hannu kuwa layukansa kan karkace, ɗaya ya fi ɗaya girma. Wannan bai rage wa takobin gida daraja ba, domin shi ma tarihi ne. Laifin yana ga dillalin da zai karɓi kuɗin na Solingen a kansa.

Garin na Solingen ne dai ya ƙera akasarin wuƙaƙen ado na sojoji da 'yan jam'iyyar Nazi daga 1933 zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka ke saye da tsada. Kamfanin Carl Eickhorn yana buga hoton kurege, WKC kuma hular ƙarfe ta barde. Daga baya hukumar kula da kayan jam'iyyar ta shigo da tambarin RZM tare da lambar kowane kamfani, inda Eickhorn ya samu M7/66. Wuƙaƙen bakin bindiga kuma suna ɗauke da ƙaramar mikiya da haruffan WaA, alamar cewa jami'in soja ya duba ingancinsu. Jabun waɗannan sun cika intanet, kuma a Jamus doka ta haramta baje alamun Nazi a bainar jama'a.

Babbar asarar da ake yi a nan gida ita ce gogewa. Mutum zai ga tsatsa, ya ɗauko takardar yashi ko ya kai wa mai injin wasa wuƙa, cikin minti kaɗan tambarin da ya haura shekara 150 ya shafe. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun wadatar.

Kafin a shiga ciniki, a ɗauki hoton tambarin da waya, hasken rana na dukansa ta gefe, a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi irin na Gidan Makama. Mai niyyar fita da tsohon takobi waje kuma ya sani cewa dokar 1979 ta wajabta samun izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.