Firgici Bayan Masifa da Yadda Ake Magance Shi

Firgicin da masifa ke bari a zuciya yakan daɗe bayan raunin jiki ya warke. Lamarin ya shafi Damagaram, wadda ta karɓi masu gudun hijira bayan harin Boko Haram a Diffa da Bosso a Fabrairun 2015. Alamomin firgicin sun haɗa da mugun mafarki, faɗuwar gaba da saurin fushi. Likitan ƙwaƙwalwa ba ya farawa da tono labarin masifar. Yakan koya wa majinyaci gane abin da yake ji, tsoro ne ko kunya, da jan numfashi a hankali har bugun zuciya ya lafa. Sai an samu natsuwa ake taɓo abin da ya faru, kaɗan-kaɗan, domin gaggawa kan fama ciwon.