Yadda Gwamnati Da Masu Filaye Suka Raba Nauyin Dashen Katako A Amurka

Itacen katako ba ya biyan mai shi da wuri. A kudancin Amurka, wanda ya dasa shi yakan jira shekara 25 ko fiye kafin ya isa sara, alhali kuɗin sharar fili da sayen dashe da biyan leburori tun farko ake fitar da su. Saboda haka ne ƙananan masu filaye da dama suka riƙa sare itatuwansu su sayar, su bar filin haka nan babu dashe.

Domin magance wannan matsala, majalisar dokokin ƙasar ta kafa shirin ƙarfafa dashen daji a 1973. Shirin bai zama kyauta ba. Mai fili shi ke fara kashe kuɗinsa bisa tsarin da jami'in gandun daji ya amince da shi, sai an duba aikin sannan a mayar masa da wani kaso. A shekarun 1990 kason ya kai kashi 65 cikin 100, kuma mutum ɗaya ba ya karɓar fiye da dala 10,000 a shekara. An keɓe shirin ga wanda dajinsa bai wuce eka 1,000 ba, sai fa in an yi masa rangwame na musamman, kuma kamfanonin da sana'arsu ita ce sarrafa katako ba su da rabo a ciki.

Ba dashe kaɗai ake tallafa wa ba. Har da gyaran dajin da ya riga ya tsiro, wato rage cunkoso da cire itatuwan banza domin nagartattu su yi kauri. Wanda ya karɓi kuɗin kuwa tilas ya kula da aikin na shekara 10 aƙalla.

Rauninsa shi ne dogaro da kasafin kuɗin kowace shekara, abin da bai dace da jarin da ke ɗaukar shekaru ba. An soke shi a dokar aikin gona ta 2002, wanda ya gaje shi ma bai daɗe ba.

Jihar Bajiniya ta bi wata hanya daban tun 1970. Masana'antun katako ke biyan haraji a kan itacen da aka sare, jihar ta ƙara nata, a raba wa masu dashe. Shirin nata yana nan har yau.